Sabunta wayarin gidan Baba a Agege

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Bayan ƙaramar Sallah muka ɗauki maganar wutar gidan nan da gaske. Marigayi Baba ya gina shi a shekarun 1970, lokacin da cinikin goro ke garawa, irin ginin da ya cika Agege: ɗakuna takwas suna kallon juna, lungu a tsakiya, kicin da banɗaki biyu a baya, shago ɗaya a bakin titi. Hajiya na riƙe da ɗaki biyu, sauran na 'yan haya. Wayarin da aka yi tun farko shi ne har yau, sai ƙare-ƙaren da kowane ɗan haya ya yi, ya tashi ya bar mana.

Abin da ya hana ni barci shi ne famfon banɗakin baya. Bara da damina, duk wanda ya taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu sai ya ji wuta ta ɗan ja shi. Rani ya shigo abin ya ɓace, kowa ya manta. Ruwan farko na bana na sauka ya dawo. Kuma akwai yara a gidan nan masu wanka ba takalmi.

Yau na kawo mai wayarin da ke da takardar shaidar NEMSA, hukumar da aka kafa a 2015 don duba ingancin ayyukan lantarki. Bayarabe ne haifaffen unguwar, Hausa ta zauna a bakinsa. Ya fara da allon fis da ke zaure: katako ne da ya sha danshi har ya kumbura, da fis na tangaran guda huɗu. Ya ciro ɗaya ya nuna mini. Maimakon siririyar wayar da ya kamata ta narke idan kaya sun yi yawa, an naɗa jan ƙarfe mai kauri riɓi biyu. Ya ce, "Malam, wannan ba zai taɓa ƙonewa ba. Wayar da ke cikin silin ita za ta ƙone a madadinsa." Wayar ƙasa kuwa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa don kada ta bi ta jikin mutum, babu ita a gidan gaba ɗaya. Soket ɗin suna da rami uku, amma na saman ba a haɗa shi da komai ba.

Talata, 8 ga Afrilu

Ranar gwaji. Aka kashe wutar gidan, aka zare komai daga soket, ya ɗauko na'urar auna lafiyar robar waya. Tana tura volt 500 cikin layin ta ga ko wuta na zurarewa ta wani wuri. Mafi ƙarancin abin da ake karɓa megaohm 1 ne, sabon wayarin kuma yakan nuna ɗaruruwa. Ɗakunan gaba sun tsallake da ƙyar. Layin baya, na kicin da banɗakuna, ya nuna 0.2.

Muka sa tsani muka leƙa cikin silin da tocila. Zafi da warin rima suka fara tarar mu. Wayoyi a baje kan katakon rufi ba bututu, mahaɗa kuma duk murɗawa aka yi da hannu aka naɗe da baƙin tef. Tef ɗin ya saki saboda zafi da laima, yana lilo, jan ƙarfen da ke ciki ya yi kore. Ɓeraye sun ci robar wasu wuraren har ana ganin tsirarar waya. Daidai saman banɗakin baya kwanon rufi ya huje, ruwa na ɗiga kan wata mahaɗa, ya bi katako ya sauka cikin bango, kuma bututun famfon na ƙarfe a cikin bangon nan yake. Hanyar da wutar ke bi ta kai hannun mutum ke nan.

Ya ce ba zai ja waya ko taku ɗaya ba sai an gyara rufi. Na so hakan. Wani da ya zo bara cewa ya yi a canja soket da makunnai kawai, a sa farare masu sheƙi, shi ke nan.

Asabar, 12 ga Afrilu

Mun zauna da Yaya da ƙannena a ɗakin Hajiya, na Kano aka kira su a waya. An tara naira miliyan ɗaya da rabi. Kawu ya ce gidansu na Fagge ya girmi wannan, wayarin bai taɓa ba su matsala ba. Na ce masa, "Kawu, ƙasar ba ɗaya ba ce." A Kano bango na samun wata bakwai ko takwas yana bushewa. A nan Legas ruwan shekara na haura milimita 1,500, iskar kanta a jiƙe take ko ba a yi ruwa ba, bangon bayan gidanmu kuma ban san ranar da ya bushe ƙarau ba. Wayar da za ta yi shekaru lafiya a Arewa, a nan mahaɗarta ke fara ruɓewa.

Tsarin da muka tsayar: rufi, sannan bututu da waya, sannan wayar ƙasa da sabon allo, a ƙarshe janareto. Burinmu a gama kafin ruwan Yuni, wanda shi ne mafi ƙarfi.

Laraba, 16 ga Afrilu

Kafinta ya canja kwano goma sha ɗaya da katako uku da gara ta cinye, ya gyara indararon baya. Silin ɗin tsohon asbestos ne, don haka ba a fasa shi ba, ba a huda shi da inji ba. Inda ya zama dole a cire, an yayyafa ruwa an zare fallen ɗungurungum, kowa da takunkumi a hanci, domin ƙurarsa na lalata huhu. Kaya da aiki: ₦210,000.

Asabar, 19 ga Afrilu

Kasuwar Alaba, ni da mai wayarin. Tun da asuba muka fita saboda cunkoson hanyar Ojo.

Da ni kaɗai na je da an sayar mini da abin da zai cuce mu. A wani shago aka ba mu naɗin waya mai kauri 2.5 (murabba'in milimita) a farashin da ya yi ƙasa da na kowa sosai. Oga, wato mai wayarinmu, ya ɗaga naɗin da hannu ɗaya ya jinjina, ya ce a yanko masa ɗan guntu. Ya feɗe robar, ya kankare silin wayar da wuƙa, sai ga fari a ƙarƙashin ja. Alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Ya kunna ashana a ƙarƙashinsa, silin ya lanƙwashe ya zube nan take. Na gaskiya da muka gwada daga baya baƙi kawai ya yi, ya tsaya a miƙe. Irin wannan jabun ba ya ɗaukar wutar da aka rubuta a jikinsa, yana zafi, kuma a wuri mai danshi bakinsa na zama gari a cikin soket. Araha ba ta ado. Muka tafi wurin dillalin kamfanin da ke ƙera waya a nan gida Najeriya, muka karɓi rasit.

Mai kauri 2.5 na soket, naɗi takwas a kan ₦52,000: ₦416,000. Mai kauri 1.5 na fitilu da fanka, naɗi bakwai a kan ₦33,000: ₦231,000. Mai kauri 4 na kicin da injin ruwa, naɗi biyu a kan ₦83,000: ₦166,000. Bututun roba, akwatunan bango, soket da makunnai: ₦185,000. Waya kaɗai ta cinye fiye da rabin kuɗin da aka tara.

Litinin, 21 ga Afrilu

Hutun Ista, 'yan haya na gida, an kwashe kayan ɗakuna biyu na gaba. An fara sassaƙa bango.

Alhamis, 24 ga Afrilu

Sassaƙa da ɗaura bututu. Ƙura ko'ina. Hajiya ta koma gidan Yaya na ɗan lokaci saboda tari.

Talata, 29 ga Afrilu

Da aka ciro tsofaffin akwatunan soket na ɗakunan baya, wasu a hannu suka ruguje. Ƙarfe ne, tsatsa ta gama da su. A ɗaya muka tarar da gidan kiyashi da jiƙaƙƙiyar ƙasa cike da bayan soket ɗin. An sa su ne ƙasa-ƙasa, kamar taku ɗaya daga daɓe, daidai inda danshi ke hawowa daga tushen gini. Idan ka duba fentin bangon za ka ga layin da ya kumbura ya yi fari-fari, ya kusa kai gwiwa. Ban da wannan, shekarar da kwatar titi ta toshe ruwa ya shigo lungu har ya taɓa idon sawu.

Mun ɗaga duk soket zuwa sama da mita ɗaya daga ƙasa, akwatunan kuma na roba. Matar ɗan hayan ɗaki na uku ta ce ba zai yi kyau ba, wayar talabijin za ta riƙa rataye. Gaskiyarta, ba zai yi kyan na da ba. Amma na fi son waya a rataye da soket a cikin ruwa.

Wani abu da ban taɓa tunaninsa ba: bututun kansa na iya tara ruwa. Iska mai ɗumi daga cikin silin ta shiga, ta yi sanyi a cikin bango, ta zama raɓa, ta gangara zuwa akwatin da ke ƙasa. Saboda haka Oga ya toshe bakin kowane bututu a sama, kuma duk wata mahaɗa a cikin silin ya sa ta cikin akwati mai murfi, an ɗaure da kusoshin haɗi, babu murɗawa da tef ko guda. Makunnan banɗaki an fito da su waje, bakin ƙofa.

Asabar, 3 ga Mayu

An gama jan waya a ɗakuna biyar. Birkila na bi yana rufe ramuka. An biya rabin kuɗin aiki, ₦175,000.

Juma'a, 9 ga Mayu

Mummunan dare jiya. Hadari ya haɗu bayan Isha'i, iska ta zo da ƙarfi kafin ruwan. Muna zaune sai ƙwan zaure ya yi wani haske da ban taɓa gani ba, fari fat, sannan ya fashe. Fankar ɗakin Hajiya ta ɗauki gudu tana kuka. Kafin in isa allon in zare fis, warin ƙonewa ya cika lungu.

Da safe muka ga abin da ya faru. Iska ta karyo reshen bishiya a kan layin titi, ya tsinke wayar nutral, wadda wuta ke komawa ta cikinta, wayoyin wuta uku kuma suna nan a sandarsu. Oga ya zana mini a ƙasa da tsinke. Tsakanin kowace wayar wuta da nutral volt 230 ne, shi muke amfani da shi. Tsakanin wayar wuta da 'yar'uwarta kuwa kusan 400 ne. Idan nutral ta tsinke, gidajen da ke kan layuka daban-daban sai su zama a jere suna raba 400 ɗin a tsakaninsu, kuma ba daidai ake rabawa ba. Gidan da ke da kaya masu nauyi a kunne wutarsa ta yi ƙasa, mai kaya kaɗan tasa ta haura. Mu muka faɗa ɓangaren da ta haura.

Asara: firjin Hajiya da take ajiye ƙanƙara da zoɓon sayarwa, talabijin biyu na 'yan haya, cajar waya ba adadi, da ƙwai bakwai. Maƙwabcinmu na dama injin niƙansa ne ya tafi. Alhamdulillahi babu wanda ya ji rauni, gobara ba ta tashi ba, kuma sababbin wayoyin ba a riga an haɗa su ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na'urar da za ta hana wannan tana cikin jerin sayayyar mako mai zuwa. Ƙaramar aba ce mai allon lamba, tana zama a cikin allon gida, tana yanke wuta idan ta haura ko ta faɗi ƙasa da iyakar da aka saita, ta jira ta daidaita kafin ta maido. Kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin goma na firjin ba. Hajiya da aka gaya mata cewa ta yi, "Allah Ya sa iyakar abin ke nan." Ta ƙara da tambayar ko yaran 'yan haya lafiya.

Litinin, 12 ga Mayu

Ma'aikatan kamfanin wuta sun ɗaure nutral ɗin titi. Tun da suna nan muka nemi su cire mana layi daga sanda don a duba wayar shigowa, domin mita da abin da ke gabanta ba hurumin mai wayarinmu ba ne.

Wayar da ke zuwa daga sanda ta alminiyam ce, an murɗa ta kai tsaye da jan ƙarfen gidan a ƙarƙashin indararo. Waɗannan ƙarafa biyu idan suka haɗu a cikin laima, alminiyam ɗin ke cinyewa. Mahaɗar ta zama farin gari, ana taɓa ta tana zuba. Watakila shekaru ke nan fitilunmu na ƙyaftawa saboda ita, mu kuwa muna ɗora laifin a kan taransifoma. An sa mahaɗi na musamman da aka yi don haɗa su biyun. Sannan wayar a da tana gangarowa ne miƙe daga sanda zuwa akwatin mita, ruwan sama na bin jikinta har ciki. Yanzu an bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau ta shiga bango, ruwa ya taru a gindin lanƙwasar ya ɗiga ƙasa. Ko sisi wannan bai ci ba.

Asabar, 17 ga Mayu

Wayar ƙasa. Mun zaɓi gefen gidan, nesa da ramin masai da bututun ruwa. Sanda ce ta ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, aka buga ta da guduma har ta nutse. Nan kam danshin Legas ya yi mana rana, ƙasar da taushi kuma a jiƙe. Sanda ɗaya ta nuna ohm 64, ma'aunin wahalar da wuta ke sha kafin ta shiga ƙasa, ƙaramar lamba ta fi kyau. Oga ya ce tana cikin abin da ake karɓa, tun da ana so kada ya wuce 200 a gidan da na'urar kare rai, mai yanke wuta idan ta bi ta jikin mutum, za ta tsare, amma da rani ƙasa za ta ɗan bushe lambar ta hau. Muka ƙara ta biyu, tazarar da ta fi tsawon sandar, aka haɗa su. Ya sauko 36.

Wani dattijo maƙwabci ya tsaya yana kallo ya ce a zuba gishiri da gawayi a ramin, haka ake yi tun da. Oga ya amsa masa da ladabi, "Baba, gishiri na saukar da lamba yau, amma yana cin sandar, ruwa kuma ya wanke shi." Ba mu zuba ba. An gina ɗan akwatin siminti mai murfi a kan kowace sanda don a riƙa buɗewa ana duba maɗaurin. An kuma haɗa bututun ruwan ƙarfe na baya da wayar ƙasa. Sanduna, maɗaurai da waya: ₦70,000.

Laraba, 21 ga Mayu

An sauke allon katako, an ɗaura sabo a wuri mai tsayi cikin zaure, ba a bangon da ke shan ruwa ba. A ciki akwai babban makunni, na'urar yanke wuta idan ta haura, bireka na kowane layi, na'urar kare rai, da ta kariyar tsawa. Duka ₦190,000.

Na'urar kare rai, wadda aka rubuta RCD a jikinta, ita ce dalilin aikin nan a wurina. Tana auna wutar da ta fita ta wayar wuta da wadda ta dawo ta nutral. Idan bambancin ya kai miliamf 30, alamar wani kaso ya bi ta bango ko ta jikin mutum, sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Bireka ba ya wannan aikin, shi waya yake karewa daga nauyi.

Ta tsawa kuma ba aradun da ya faɗo kan rufi take tarewa ba, wancan aikin sandar saman gini ne. Tata ita ce bugun da ke biyo layi idan tsawa ta faɗi a kusa, ta karkatar da shi zuwa ƙasa. Oga ya gajarta wayoyinta sosai, ƙasa da rabin mita, ya ce idan suka yi tsawo amfaninta ya ragu. Tana da 'yar taga kore, idan ta koma ja a canja ta.

Lahadi, 25 ga Mayu

Tun daren Laraba ba mu huta ba. Na'urar kare rai na faɗuwa, gidan duka ya yi duhu, a ɗaga ta, bayan ɗan lokaci ta sake faɗuwa. Ranar Juma'a da dare 'yan haya suka same ni a zaure. Mai ɗaki na shida, dattijo ne da ya fi shekara ashirin a gidan, ya ce, "Ɗana, mun gode da gyara, amma da can ba ma kwana cikin duhu. A cire wannan abar a haɗa kai tsaye." Na fahimce shi, zafi ne da sauro, ga jariri a ɗaki na huɗu. Na ce, "Baba, a yi mini haƙuri zuwa Lahadi. Ba lalacewa ta yi ba, wani abu take gani." A raina na riga na yanke cewa ko za a kwana nawa a duhu ba za a tsallake ta ba. Na san gidaje a layin nan da aka sa ta, ta dame su, wani yaro ya zo ya haɗa wayar ta bayanta, ta zama ado a cikin allo.

Jiya da yau Oga ya bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Laifi uku ya samu, ba ɗaya ba, shi ya sa abin ya rikice.

Na farko fitilar waje ta bayan kicin, wadda ba mu canja ba don tana aiki. Da aka kwance gilashin, ruwa ne a ciki har da matattun ƙwari. Na biyu injin jan ruwa na rijiya: akwatin haɗin wayarsa ya tsage, da ya tashi sai wuta ta zurara ta jikinsa. Shekaru yana haka, yara na wasa a kusa da shi. Na uku ya fi wahalar ganowa. Mai shago ya taɓa jan wata waya ta bayan kanta zuwa firizarsa, an bar ta a haɗe da sabon layi, kuma a wani wuri ƙusa ta huda ta, nutral na taɓa ƙarfen ƙofar shagon. Irin wannan ko an kashe birekan shagon ba ya daina kayar da na'urar, domin bireka wayar wuta kaɗai yake yankewa, nutral na nan a haɗe. Sai da ya zare nutral ɗin kowane layi daga allon yana aunawa sannan ya kama shi.

An cire wayar shagon an ja sabuwa. Fitilar waje an sa mai hatimin IP65 da ruwa ba ya shiga. Injin ruwa ya tafi wurin mai gyara. Kuma mun yanke shawarar raba gidan biyu: na'urar kare rai ɗaya ga ɗakunan kwana, wata ga kicin, banɗakuna, shago da waje, inda ruwa ya fi yawa. Idan ta baya ta faɗi, masu barci ba za su rasa fanka ba. Ƙarin kuɗi ₦58,000, ban da gyaran inji.

Talata, 27 ga Mayu

Dare biyu na'urar kare rai ba ta faɗi ba. Hajiya ta dawo gida.

Asabar, 31 ga Mayu

Janareto. A da idan an ɗauke wuta, wata waya ce mai filogi a kai biyu, a soka ɗaya a inji ɗaya a soket ɗin lungu, a dogara da cewa wani zai tuna ya zare fis. Ranar da aka manta, wutar injin na komawa layin titi, ta iya kashe ma'aikacin da ke kan sanda yana zaton layin a mace yake. Na yanka wayar nan da hannuna. An sa makunnin sauya layi mai yanke wayar wuta da nutral gaba ɗaya, ba yadda za a yi inji da layin titi su haɗu. Oga ya duba injin ya haɗa jikinsa da nutral ɗinsa da wayar ƙasa, ya gwada, na'urar kare rai na aiki a kan janareto ma.

Ɗaya matsalar ta damina ce: da an fara ruwa sai a jawo injin cikin lungu don kada ya jiƙe. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana kashe mutane cikin barci, kuma kusan kowace shekara ana jin labarin iyali guda da suka tafi haka a ƙasar nan. Birkila ya yi masa dakali mai tsayi a bayan gida, nesa da tagogi, da rumfar kwano a buɗe ta kowane gefe. Na bi ɗaki-ɗaki na faɗa, na kuma roƙi Hajiya ta maimaita, don maganarta ta fi tawa shiga. Makunni, waya da rumfa: ₦95,000.

Laraba, 4 ga Yuni

An tsaya sai bayan Babbar Sallah, jibi Juma'a. Raguna sun cika unguwa, an ɗaure biyu a inda muke ajiye bututu.

Lissafi zuwa yau, har da cikon kuɗin aiki ₦175,000 da zan biya gobe: ₦1,971,000. Mun haura abin da aka tara da ₦471,000, ban da birkila da gyaran injin ruwa. Yaya ya ɗauki rabi, ni rabi. Maganar firjin Hajiya na nan ba a taɓa ba.

Asabar, 14 ga Yuni

Ruwa kusan kullum a makon nan, ranar Alhamis tun safe har la'asar. Na hau silin da tocila ana tsaka da shi. Saman banɗakin baya a bushe. Sai dai akwai sabon ɗigo kusa da bangon shago, inda kwano ya haɗu da bulo, nesa da waya amma ba zan bar shi ba. Akwatin mita a bushe. Na tsaya na ga ruwa na ɗiga daga gindin lanƙwasar wayar shigowa.

Gwajin ƙarshe yau. Lafiyar roba ta haura megaohm 200 a kowane layi, har da na baya da ya nuna 0.2 a watan Afrilu. Na'urorin kare rai biyu sun yanke cikin ƙasa da milisakan 40. Oga ya rubuta sunan kowane layi a jikin allo, da Hausa da Yarbanci, ya ba ni takardar sakamakon. Ya nuna wa Hajiya da mai ɗaki na shida ɗan maɓallin gwaji, ya ce a danna shi duk bayan wata uku, idan bai yanke wuta ba a kira shi ranar.

Na'urar yanke wuta ta yi aiki sau da dama a makon, yawanci don wutar ta yi ƙasa da dare. 'Yan haya sun ɗan yi ƙorafin jiran da take sawa kafin ta maido. Ba za a rage lokacin ba, firji na bukatar wannan jiran kafin ya sake tashi.

Asabar, 21 ga Yuni

Kafinta ya toshe ɗigon bangon shago, ₦18,000.

Saura abu uku. Bangon baya har yanzu yana tsotsar ruwa daga ƙasa, sabuwar filastar da aka yi a kan bututu ta fara nuna tabo. Birkila ya ce a jira ɗan tsagaitawar ruwa ta watan Agusta a sassaƙe filastar ƙasan, a sake ta da simintin da aka gauraya da maganin hana ruwa, a kuma gyara gangaren tsakar gida ya daina tura ruwa gindin bango. Na biyu, tankin ruwa da ke kan ƙarfe ya fi rufin tsayi, zan sa a zo a duba ko yana bukatar sandar tsawa. Na uku, sake auna wayar ƙasa a watan Janairu, lokacin da ƙasa ta fi bushewa, mu ga ko 36 ɗin zai tsaya.

Firjin Hajiya mai gyara ya ce kwamfaresa ce ta ƙone. Ranar Litinin zan je in ji farashin sabuwa, in kwatanta da na firji na hannu.